Yadda Ɗan Gudun Hijirar Biyetnam Zai Kawo Ɗansa Baligi Amurka, Mataki Bayan Mataki

Tun ranar da na ba da labarin dattijon nan ɗan Biyetnam da ya zo ofishin taimakon al'umma inda nake aikin sa kai duk Asabar a kudu maso yammacin Houston, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu maƙwabtansu ne 'yan Biyetnam, wasu wurin aiki ya haɗa su, har da wata 'yar'uwarmu da aure ya kai ta gidansu. Tambayar kusan ɗaya ce: uba ko uwa sun shigo Amurka a matsayin 'yan gudun hijira, an bar ɗa ko 'ya a gida saboda shekarunsu sun haura 21, to yanzu ta ina za a faro?

Dattijon ya shigo ne riƙe da wata leda. A ciki akwai takardar sallamarsa daga sansanin da gwamnatin kwaminis ta tsare shi bayan faɗuwar Saigon, babban birnin Kudancin Biyetnam, a 1975, an ninke ta gida huɗu, ta koma ruwan ƙasa, jan hatimin ya kusa gogewa. Hannu biyu ya sa ya miƙo min ita. 'Yarsa tana can wani gari a yankin kogin Mekong, ta haura hamsin, kuma wani ya ce masa in ya biya kuɗi za a shigar da ita "shirin McCain". Daga nan zan fara, don a nan ake cutar mutane.

1. Fara sanin ƙofar da ta rufe

Tsoffin jami'an gwamnatin Kudancin Biyetnam da sojojinta da aka tsare shekara uku ko fiye sun fara isowa Amurka a 1990, ƙarƙashin shirin da kowa ke kira HO, wani reshe na ODP, babban shirin fitar da mutane daga Biyetnam bisa tsari da aka buɗe a 1979. Daga Afrilun 1995 aka daina haɗa su da 'ya'yansu da suka wuce 21. Sanata John McCain, wanda shi kansa ya yi fiye da shekara biyar a tsare a Hanoi, ya kawo gyaran doka a 1996 da ya mayar wa waɗannan 'ya'yan haƙƙinsu: ɗa ko 'yar wanda aka tsare, ko na matar da ya mutu ya bari, mai shekara 21 ko fiye, wanda ba shi da aure a ranar da aka karɓi mahaifinsa, ana ɗaukarsa ɗan gudun hijira shi ma. Majalisa ta yi ta sabunta dokar, har da a 2002. Sai dai doka ce mai wa'adi, kuma fiye da shekara goma ke nan da ta ƙare. Shirin HR da aka buɗe daga baya don waɗanda ba su samu yin rajista ba, shi ma an rufe karɓar takardunsa a Yunin 2008.

Akwai fom I-730 da ɗan gudun hijira ke cikewa don iyalinsa su biyo shi. Wannan na mata ko miji ne da 'ya'yan da ba su kai 21 ba kuma ba su yi aure ba, ana kuma shigar da shi cikin shekara biyu da isowa. Wanda ya zo a 1993 ya daɗe da wuce wurin. Ga shi kuma a Janairun 2025 an dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira da umarnin shugaban ƙasa.

Gargaɗi: duk wanda ya ce maka yana da hanyar "farfaɗo da fayil ɗin HO" ko "sabon McCain" in ka biya shi, kuɗinka yake so. Kada ka ba shi ko sisi, kada kuma ka bar masa asalin takardun tsoho.

Mutum ɗaya ne lissafinsa ya bambanta: wanda aka haifa a Biyetnam tsakanin farkon 1962 da farkon 1976 kuma mahaifinsa Ba'amurke ne. Shi dokarsa daban ce, ta 1987, sai ya tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Ho Chi Minh kai tsaye. Ga sauran, hanyar da ta rage ita ce bizar iyali, kuma a kanta sauran bayanin zai tafi.

2. Tantance matsayin uba da na ɗa

Tambaya biyu za ka yi kafin ka taɓa kowane fom. Uban ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko har yanzu girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, yake riƙe da shi? Ɗan da ke gida yana da aure ko babu? Amsar ita ke nuna layin da za a shiga.

In uba ɗan ƙasa ne, ɗa ba shi da aure, layinsa F1. In uba girin kad ne da shi, ɗa ba shi da aure, layinsa F2B. In uba ɗan ƙasa ne, ɗa yana da aure, F3. In kuwa uba girin kad ne kawai da shi kuma ɗa yana da aure, babu layi sam. Wanda aurensa ya mutu da saki na gaskiya, ko matarsa ta rasu, doka tana ɗaukarsa marar aure.

Biza 23,400 ake warewa F1 a shekara ga duniya baki ɗaya, haka ma F3, F2B kuma dubu ashirin da shida da 'yan kai. Shi ya sa jiran yake da tsawo. A 2025 waɗanda ake kira a F1 da F2B mutanen da suka shiga layi wajen 2016 ne, na F3 kuwa wajen 2011. Ka faɗa wa iyalin wannan tun ranar farko. Na fi son tsoho ya ji gaskiya ya yi shiru na ɗan lokaci da in bar shi yana gyara ɗaki yana tsammanin baƙo baɗi.

Gargaɗi a kan aure: a Biyetnam mutanen da suka fara zaman miji da mata kafin 3 ga Janairun 1987 doka tana ɗaukarsu ma'aurata ko da ba su yi rajista ba. Da yawa cikin 'ya'yan mutanen HO sun kai shekarun da wannan zai shafe su. Kada ka tsaya a "yana da takardar aure?" Tambayi yaushe suka fara zama tare, da kuma sunan wa ke kan takardun haihuwar yaransu. Sakin bogi don a shiga layi mai sauri kuma sananniyar dabara ce a wurin jami'an biza, kuma wanda aka kama da ƙarya a kan abu mai muhimmanci ana iya haramta masa shiga har abada.

3. In uba bai zama ɗan ƙasa ba, a fara da wannan

Tsofaffi da yawa tsoron jarrabawar Turanci ya hana su. Wanda ya kai shekara 50 kuma ya yi 20 da girin kad, ko ya kai 55 ya yi 15, an ɗauke masa Turanci, zai amsa tambayoyin tarihi da tsarin mulki da harshensa tare da tafinta. Wanda ya kai 65 ya yi shekara 20, tambayoyin ma an rage masa. Mai rashin lafiyar da ta hana shi koyo, kamar ciwon mantuwa, likita zai cike masa fom N-648. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa shi ne N-400, dala 760 a takarda, 710 ta intanet, akwai kuma rangwame ko yafiya ga masu ƙaramin ƙarfi.

Amma in ɗan ba shi da aure, kada a jira sai uba ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. A shigar da buƙatar a F2B yau. Ranar da uban ya zama ɗan ƙasa fayil ɗin zai koma F1 da ranarsa ta asali, in kuma F2B ya fi sauri a lokacin, ɗan yana da damar rubutawa ya ce a bar shi inda yake.

4. Nemo tsohon fayil

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, ni kuwa a ganina ya fi kowane muhimmanci. Duk abin da tsohon ya faɗa lokacin da aka yi masa tambayoyi a shekarun 1990 yana nan a rubuce: 'ya'ya nawa ya lissafa, sunayensu, ranakun haihuwarsu, wa ya ce yana da aure. Jami'in da zai duba sabuwar buƙatar yana iya buɗe wancan fayil ɗin, kai kuma ba ka san abin da ke ciki ba. Shekara talatin sun wuce, tsoho ba zai tuna komai ba.

Ana neman kwafinsa daga hukumar shige da fice ta USCIS a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, ta shafinsu na intanet, da lambar da ke jikin girin kad wadda ta fara da harafin A. Yawanci ba a biyan komai. Idan ya zo, ka shimfiɗa shi gefe ɗaya, takardun ɗan gefe ɗaya, ka bi su layi-layi.

A fayil ɗin dattijon da na ambata mun tarar an rubuta shekarar haihuwar 'yarsa da bambancin shekara biyu da wadda ke kan takardarta ta yanzu. Da muka bincika, ashe bayan an tafi da shi sansani matarsa ta sake yanko wa yarinyar takarda don ta samu shiga makaranta. Irin wannan ya faru a gidaje da yawa, wasu don makaranta, wasu don kauce wa aikin soja, wasu kuma takardun yaƙi ne ya cinye. Maganinsa a yi bayani a rubuce tun farko, a haɗa da shaidar da ake da ita. Abin da ba a yi shi ne a yi shiru ana fatan ba za a lura ba.

Gargaɗi: in ka tarar sunan ɗan ba ya cikin 'ya'yan da uban ya lissafa a da, tsaya nan. Wannan aikin lauyan shige da fice ne ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi. Irina masu taya cike fom ba mu da hurumi a ciki.

5. Haɗa takardu

Daga uba: kwafin takardar zama ɗan ƙasa ko fasfon Amurka, ko girin kad gaba da baya. Daga ɗa: takardar haihuwa mai ɗauke da sunan iyaye. In uwa ce ke nema, wannan yawanci ya isa. In uba ne, sai an ƙara takardar aurensa da uwar ɗan, da shaidar yadda duk wani aure na baya ya ƙare. In ba a yi aure ba aka haifi ɗan, za a nemi shaidar cewa uban ya amince da shi bisa doka, ko ya riƙe shi a matsayin ɗa kafin ya kai 21: wasiƙu, rasiɗin aika kuɗi, takardun makaranta. In akwai saki ko mutuwar abokin zama a ɓangaren ɗan, a kawo hukuncin kotu ko takardar mutuwa.

Tsohon littafin rajistar gida, wanda suke kira hộ khẩu, an daina amfani da na takarda a Biyetnam tun farkon 2023, amma in iyalin suna da nasu su adana shi, shaida ce mai kyau ta cewa gida ɗaya aka tashi. Haka ita ma takardar sallama daga sansani. Ba ta ba kowa biza yanzu, amma tana bayyana dalilin da ya sa uba ba ya nan lokacin da aka yanki wasu takardun.

Duk takardar da ke harshen Biyetnam sai an fassara ta Turanci gaba ɗaya, har da abin da ke cikin hatimi, mai fassarar kuma ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take. Kwafi ake aikawa. Asalin yana gida har ranar ganawa.

Gargaɗi a kan suna: 'yan Biyetnam sunan dangi suke fara rubutawa, sannan na tsakiya, sannan na yanka. Fom ɗin Amurka kowanne da akwatinsa. Ka ɗauki fasfon ɗan ka bi shi harafi-harafi, ka kuma riƙe tsari ɗaya a duk fom ɗin da za ka cike nan gaba. Ranar haihuwa ma su rana suke farawa da ita, Amurkawa wata. Na ga 4 ga Yuli ya koma 7 ga Afrilu, gyaransa ya ci watanni.

6. Shigar da fom I-130, kuma kada a shigar da ɗaya kawai

Shi ne fom ɗin da uba ke nema wa ɗansa bizar iyali da shi. Kuɗinsa tun Afrilun 2024 dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet. A duba shafin hukumar ranar da za a aika, don kuɗi da bugun fom suna canzawa, kuma tsohon bugu ko kuɗin da bai cika ba yana sa a dawo da komai. Tun ƙarshen Oktoban 2025 sun daina karɓar cak na takarda, sai kati ko cira daga asusun banki. Fom ɗaya na ɗa ɗaya ne. Matarsa da yaransa da ba su kai 21 ba ba sa buƙatar nasu, amma dole a rubuta sunayensu duka a ciki, har da wanda ba shi da niyyar tafiya.

Bayan 'yan makonni rasiɗi zai zo, I-797C. Ranar da aka karɓi fom ɗin ita ce ranar shiga layi. Ita ce dukiyar iyalin a wannan harka, duk ranar da aka jinkirta kuma an ƙara wa jira rana. A ɗauki hoton rasiɗin, a aika wa ɗan, a ba wani ƙaninsa da ke nan kwafi.

Ga shawarar da nake ba kowa. Mutanen HO yanzu mafi ƙanƙantarsu yana cikin shekarunsa na saba'in, jira kuma shekara tara ne zuwa goma sha huɗu. Rai na hannun Allah, amma doka ta ce in mai nema ya rasu buƙatarsa ta faɗi. Saboda haka in uwa tana raye kuma tana da takardu, ita ma ta shigar da nata I-130 daban a kan ɗan nan. In akwai ɗan'uwa ɗan ƙasa mai shekara 21 ko fiye, shi ma ya shigar a layin 'yan'uwa, F4. Layin nan ya fi kowanne tsawo, ya haura shekara 15, amma mai shi matashi ne. Doka ba ta hana a shigar wa mutum ɗaya buƙata uku ba. Dala ɗari shida da wani abu sau uku nauyi ne ga gidan da ke rayuwa a kan fansho, na sani, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Shekarun jira

Duk wata Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawalin biza mai suna Visa Bulletin. Biyetnam ba ta da ginshiƙi nata, tana cikin na farko, na sauran ƙasashe. Tebur biyu ne: ɗaya na ranar da za a fara aika takardu, ɗaya na ranar da za a iya ba da bizar. In ranar shiga layinku ta riga wadda ke tebur, lokacinku ya yi. Wani lokaci ranakun suna komawa baya, musamman gab da ƙarshen shekarar kuɗi a Satumba. Kada hankali ya tashi.

Aikin iyali a waɗannan shekarun kaɗan ne amma sakaci a cikinsa yana da tsada. Duk sauyin adireshi, imel, haihuwa, aure ko mutuwa a sanar. Tsofaffi suna yawan komawa gidan 'ya'yansu, wasiƙar neman ƙarin shaida ta tafi tsohon gida, wa'adinta ya wuce, a rufe fayil.

Gargaɗi mafi girma: ɗan da ke F2B in ya yi aure kafin uban ya zama ɗan ƙasa, buƙatar ta mutu a take, saki daga baya kuma ba ya tayar da ita. Wanda ke F1 in ya yi aure zai koma F3 da ranarsa, ya ƙara shekaru amma bai rasa komai ba. Ba na ce wa kowa ya fasa aure saboda biza, wannan ba maganar da ta dace in yi ba ce. Amma a san tsarin: uba ya yi rantsuwa tukuna, sannan a ɗaura.

8. Lissafin shekarun jikoki

A nan zukata suka fi karyewa. Jikan da yake da shekara goma ranar shiga layi zai iya haura 21 kafin a kira. Dokar kare matsayin yara ta 2002 tana rage masa wani abu, amma ba duk jiran ba. Ana ɗaukar shekarunsa a ranar da biza ta samu, a cire tsawon lokacin da I-130 ya yi a hannun USCIS daga karɓa zuwa amincewa. Misali: yaro yana da shekara 23 ranar da layi ya iso, fom ɗin kuma ya yi shekara uku da rabi kafin a amince da shi, to a doka shekararsa 19 da rabi, zai tafi da iyayensa. In da wata takwas kawai fom ɗin ya yi, ya fita.

Ma'anarsa, jinkirin hukumar wajen amincewa alheri ne ga jikoki. Don haka kada ka yi ta matsa musu su hanzarta alhali layin bizar yana da sauran shekaru. Yaron kuma dole ya kasance ba shi da aure, ya kuma nemi bizar cikin shekara ɗaya da samuwarta.

9. In mai nema ya rasu

A fara duba ko akwai wata buƙatar da ke raye, ta uwa ko ta ɗan'uwa. In babu, kuma an riga an amince da I-130 kafin rasuwar, ɗan zai iya roƙon a maido da ita saboda jinƙai. Babu fom, babu kuɗi. Wasiƙa ce zuwa ofishin da ya amince da buƙatar, tare da takardar mutuwa, da wani ɗan'uwa na kusa da ke Amurka wanda zai tsaya a madadin mamacin wajen ɗaukar nauyi, da bayanin dalilin da ya sa rabuwar za ta cutar da iyali. Ganin dama ne na jami'i, in ya ƙi babu ɗaukaka ƙara. A nan ne takardar sansani da tarihin yadda aka raba gidan suke da amfani na gaske, a sa su cikin wasiƙar.

Gargaɗi: kada a ɓoye rasuwar a ci gaba kamar ba abin da ya faru. Za a gano, bizar da aka samu a haka kuma ba ta da tushe.

10. Cibiyar biza da takardar ɗaukar nauyi

In lokaci ya kusa, cibiyar biza ta ƙasa, NVC, za ta aiko da lambar fayil, wadda ga 'yan Biyetnam take farawa da HCM, da lambar biyan kuɗi. Da su ake shiga CEAC, shafin intanet na neman biza. Ana biyan dala 325 kan kowane mai tafiya, da dala 120 sau ɗaya na duba takardar ɗaukar nauyi, daga asusun bankin Amurka. Sai kowa ya cike fom ɗin neman biza, DS-260, a ɗora fasfo, takardun haihuwa da aure, da takardar shaidar rashin laifi. Ta Biyetnam iri biyu ce, mai lamba 2 ake so. Mutane suna yanko mai lamba 1 a dawo musu da ita.

Fom I-864 alkawari ne da uban zai sa wa hannu cewa baƙin ba za su zama nauyi a kan gwamnati ba. Ana son kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci: a 2025 dala 26,437 ga gida mai mutum biyu, 40,187 ga mai mutum huɗu, a lissafin kuma har da masu zuwa. Yawancin tsofaffin ba za su kai ba, tallafin SSI da gwamnati ke ba tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi kuma ba a ƙirga shi. Duk da haka dole uban ya cike nasa, sannan a samo mai taya shi, ɗan ƙasa ko mai girin kad, ya cike wani da takardun harajinsa.

Gargaɗi ga mai tayawa, don na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda za a roƙa: alkawarin yana kanka har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kusan shekara goma, ko ya bar ƙasar gaba ɗaya, ko ya rasu. Kotu tana iya tilasta shi. Taimako ne babba kuma ina ƙarfafa shi, amma ka karanta kafin ka sa hannu. Gargaɗi na biyu: in aka yi shekara ɗaya da samuwar biza ba a tuntuɓi cibiyar ba, za a fara rufe fayil ɗin.

11. Gwajin lafiya da ganawa

Bizar ƙaura ta 'yan Biyetnam duka a Ho Chi Minh ake yinta, ko da mutum ɗan Hanoi ne ko Hue. Gwajin lafiya a wurin likitocin da ofishin ya amince da su kaɗai ake yi, da allurar rigakafi da hoton ƙirji. In hoton ya nuna alamar tarin fuka za a ɗauki majina, sakamakonta yana kai wata biyu, in ciwon ya tabbata sai an gama magani.

Ranar ganawa a tafi da asalin komai, da hotunan iyali na da da na yanzu. Jami'i zai tambayi yaushe uba ya tafi, me ya sa ba a tafi tare ba, wa kake zaune da shi. In ya yi shakkar dangantaka zai ba da shawarar gwajin DNA. Kada a riga shi: gwajin da ake karɓa shi ne na ɗakin bincike mai shaidar AABB, ƙungiyar Amurka da ke tantance irin waɗannan ɗakunan, wanda zai aika kayan ɗaukar samfur kai tsaye zuwa ofishin jakadancin.

Akwai tambaya a kan zama ɗan jam'iyyar kwaminis, kuma tana iya hana biza. 'Ya'yan waɗanda aka tsare ba kasafai ake karɓarsu a jam'iyya ba, amma mijin 'ya ko matar ɗa mai aikin gwamnati yana iya kasancewa ciki. Dokar tana da rangwame ga wanda ya shiga dole, ko yana ƙasa da shekara 16, ko don neman abin sawa a baka, ko ya fita shekara biyar da suka wuce. A faɗi gaskiya, a nemi lauya tun kafin a cike DS-260.

Ga 'yan'uwanmu da suka zo gudun hijira daga Darfur ko Chadi suna tambaya ko matakan nan sun shafe su: layukan da fom ɗin iri ɗaya ne ga kowace ƙasa. Sai dai sanarwar shugaban ƙasa ta Yunin 2025 ta dakatar da shigowar 'yan Sudan da Chadi, don haka ku duba halin da ƙasarku take ciki a lokacin ganawa. Shigar da I-130 don riƙe wuri a layi abu ne daban da ba da bizar.

12. Bayan an buga biza

A duba suna da ranar haihuwa a jikin bizar kafin a bar gari. Wa'adinta bai wuce wata shida ba, wani lokaci ƙasa da haka saboda ranar gwajin lafiya. Kada a sayar da gida ko a ajiye aiki sai fasfo ya dawo hannu. A biya dala 235 kan kowane mutum a shafin USCIS, in ba haka ba girin kad ba zai fito ba. Babban mai bizar shi zai fara shiga, ko su shiga tare da iyalinsa, amma mata da yara ba za su riga shi ba.

Wanda ya zo a F1 ko F2B, da jikokin da ke biye, dole su kasance ba su da aure har lokacin da jami'in filin jirgi ya buga musu hatimin shiga. Biki na bankwana da aka haɗa da ɗaurin aure mako ɗaya kafin tafiya ya isa ya rushe tafiyar. Hatimin nan shi zai tsaya a matsayin girin kad na shekara ɗaya kafin katin ya iso ta gidan waya, saboda haka a tabbatar adireshin da aka ba jami'in shi ne inda wani zai riƙa buɗe akwatin wasiƙa kullum.